Ranar da Na Sa Jirgin Shugaban Ƙasa Jira a Sama

Shekarun baya, ina sabon zuwa Doha, watana huɗu a ɗakin kula da zirga-zirgar jirage, ban ma gama watannin gwaji ba. Na yi shekara bakwai ina wannan aikin a Najeriya, amma a nan sai aka mayar da ni ɗan koyo. Duk abin da zan faɗa a rediyo, akwai wani dattijo ɗan Sudan tsaye a bayana yana saurare. Mutum ne mai shiru. In ka yi daidai ba zai ce komai ba, in ka yi kuskure ma sai an tashi yake gaya maka. Rahotonsa ne zai sa a tabbatar da ni a aiki, kuma sai an tabbatar da ni zan iya kawo matata da 'yata daga Kano.

Ga wanda bai san aikin ba, kowane jirgi yana da sunan da muke kiransa da shi, galibi sunan kamfani da lamba. Jirgin da ya ɗauko shugaban ƙasa kuwa sunansa daban ne. Ƙasashe da yawa sunan rundunar sojin samansu suke sa masa, a ƙara "ɗaya" a ƙarshe, kuma da mai girman ya sauka sai jirgin ya koma sunansa na kullum. Sau biyu na taɓa jin irin wannan suna a gida, duka biyun wani babba ne ya karɓe makirfon daga hannuna.

Ranar tun da safe aka sanar da mu cewa shugaban wata ƙasa zai iso bayan azahar. Na ɗauka za a ɗaga ni daga kujerar, sai dattijon ya ce in zauna. Da matuƙin ya kira da sunan nan, sai da na gyara zama kamar yana ganina. Na buɗe masa hanya, na sa shi a gaba, komai lafiya.

Saura kaɗan ya fara gangarowa sai wani jirgin fasinja da ke bayansa ya kira. Matuƙin ya ce wata mata ta yanke jiki ta faɗi, likitan da ke cikin fasinjojin yana zaton zuciya ce, suna neman sauka nan take.

Dokar na san ta tun a makaranta: rai yana gaba da kowa. Amma sanin doka a aji daban, faɗarta ga jirgin shugaban ƙasa daban. Na waiwaya, dattijon bai ko kalle ni ba. Na danna makirfo na gaya wa jirgin shugaban ya dakata, ya hau sama ya yi zagaye.

Sai matuƙin ya maimaita sunan jirginsa a hankali, ya ja kalmar ƙarshen, wai ko ban ji da wa nake magana ba. Na ce na ji, akwai marar lafiya a bayansa, na sake ba shi umarnin. Ya amsa, ya juya. Wayar teburin baya ta yi ta ƙara, dattijon ya ɗauka, na ji yana magana da Larabci ƙasa-ƙasa, ban fahimci komai ba sai "khalas", wato "shi ke nan".

Jirgin fasinja ya sauka, motar asibiti ta same shi. Bayan kamar minti goma jirgin shugaban ya biyo. Da muka tashi daga aiki, dattijon ya ce in rubuta rahoto, ya tafi abinsa.

Na koma ɗakinmu a unguwar Al Muntazah ko abinci na kasa ci. Abokina da muke zama tare ya yi ta dariya, wai ni ne na sa shugaban ƙasa zagaye kamar mai neman wurin fakin. Ni kuwa har na fara tsara yadda zan gaya wa matata cewa ni ne zan dawo, ba su za su zo ba.

Washegari dattijon ya kira ni gefe, ya miƙo min kofin shayi. Ya ce masu tarbar baƙo sun kira cikin fushi, ya gaya musu duk mai ƙorafi ya rubuta sunansa shi, domin shi ne ke tsaye a wurin. Na tambaye shi me ya sa bai ce min komai ba lokacin da na waiwaya.

"Ɗana, da na yi magana, da kullum sai ka waiwaya," in ji shi. "Ba kullum zan kasance a bayanka ba."

Sannan ya ce matar ta isa asibiti da rai.

Ya yi ritaya ya koma ƙasarsu tuntuni. Na gode masa ranar, amma godiyar mai ruɗewa ce, ban faɗi rabin abin da ke raina ba. Sai daga baya na gane girman abin da ya yi: ya bar ni na yanke hukunci da kaina, shi kuma ya tare faɗan. Har yanzu duk sallar da na tuna shi ina sa shi a addu'a, shi da matar nan da ban san sunanta ba, ban kuma taɓa ganin fuskarta ba.