Sifilin Baba

Wata Laraba ce da damina, ina aji shida a firamarenmu ta Gashua, Malam Kyari mai koya mana lissafi ya kora mu waje. Ya kafa turke a tsakiyar fili, ya ɗaura masa igiya, ya ja ta yana zana ƙasa da sanda har da'ira ta haɗe. Sai ya kira Modu, wanda ya fi kowa gudu a ajinmu, ya ce ya zaga ta sau biyar. Modu ya zaga, ya dawo inda ya fara yana haki kamar tunkiyar da aka koro daga gonar wake. Malam ya dube mu ya ce, "Nisan da ya yi, kewayen da'ira ne sau biyar. Amma tazarar da ke tsakanin inda ya tashi da inda ya tsaya, sifili ce. Modu bai je ko'ina ba." Na kalli rigar Modu sharkaf da gumi, na kalli Malam. Wallahi kaina ya ɗaure tamau.

Abin haushin, har zuwa ranar ina ganin na iya da'ira. Babana ɗan koli ne, yana bin kasuwannin ƙauye a kan keke da allura, zare, madubi da kwalli. Ranar Asabar yake fita ta Katuzu, ya bi ƙauyukan fadama ya ɓulla wajen Karasuwa, sai Alhamis da la'asar mu ji ƙararrawarsa a ƙofar gida. Ni ke wanke keken bayan na gama ɗebo ruwa da ba awaki dusa. Da zaren kolinsa na taɓa auna tayar, na ga kewayenta ya ninka faɗinta sau uku da ɗan ɗoriya, daidai yadda Malam ya faɗa. Ranar Baba har gyaɗa ya saya mini.

To ni da bakina da ba ya riƙe magana, Alhamis ɗin nan Baba na jingine keke, ko ruwa bai sha ba, na tare shi: "Baba, ashe duk yawon nan da kake yi sifili ne, ba ka zuwa ko'ina!" Na zaci dariya zai yi. Sai ya duƙa ya shafa tayar baya da ta suɗe har zare ya fito, ya ce, "Uwata, ki tambayi malaminku, wa ya cinye wannan?" Daga nan ya ce idan abin da boko ke koyarwa ke nan, a raina wahalar iyaye, to aji shida ya ishe ni. Baba kuwa ba ya magana biyu. Ga shi an riga an rubuta sunana cikin masu jarrabawar shiga sakandare a Nguru.

Mako biyu na yi a ruɗe. Ko 'yar gala-gala muke yi da ƙawayena, ina tsalle ina tunani. Idan Malam ne da gaskiya, ina gajiyar Baba ta tafi? Idan Baba ne, me ya sa littafi ya goyi bayan Malam? Da aka yi mana jarrabawar gwaji, sai ga tambayar: mutum ya zaga tafki a kan keke ya dawo, nawa ce tazarar da ke tsakanin inda ya tashi da inda ya tsaya? Na san amsar da ake so sarai, amma hannuna ya ƙi rubuta sifili. Na lissafa kewayen na rubuta. Malam ya kira ni ya ce, "Ke da kika fi kowa, me ya same ki?" Sai kawai na fashe da kuka, na zayyana masa komai.

Alhamis ta gaba Malam ya zo gidanmu da kansa, ni kuwa na laɓe a bayan zaure ina saurare. Ya tsuguna ya zana da'ira a ƙasa, ya nuna wa Baba cewa tafiyar tana nan, kowane juyin taya a lissafe yake, sifilin kawai yana nufin inda aka tashi nan aka sauka. Baba ya daɗe yana kallon zanen. Can ya ce, "Wato Malam, sifilin nan shi ne na dawo gida?" Malam ya ce shi ne. Baba ya yi dariya har da buga cinya, ya ce, "To Allah ya sa in riƙa cin sifili duk Alhamis." Ya ɗaga murya ya ce in fito, ya san ina nan. A kan keken nan ya kai akwatina tasha ranar da zan tafi Nguru.

Yau ni ce ke koyar da lissafi a wani gari mai nisa, da allo fari da kwamfas, ba turke ba igiya. Baba ya rasu, keken na rataye a zaure ba taya, kolin ma yanzu a kan babur ake yawo da shi. Duk shekara idan na zo darasin nan yara sukan yi tsuru-tsuru yadda na yi. Na yi nisa ƙwarai, amma rabona da cin sifilin Baba har na manta.