Kawu Bukar da Haƙorin Inna

Duk wanda ya taɓa hawa kujerar Kawu Bukar, likitan haƙorin nan na bayan Bata, ya san ba wurin mai gaggawa ba ne. Kana dafe da kumatu kana nishi, shi kuwa sai ya gyara zama ya yi maka bayani dalla-dalla: abin da zai yi, abin da ka iya biyo baya, da abin da zai faru in ka ƙi. Sannan ya ce, "To, maimaita min." In ka yi tuntuɓe, a koma farko kamar hadda.

Wani ɗan kasuwar Kwari ya taɓa ƙosawa ya ce, "Dakta, na yarda da komai, cire kawai."

"Ka yarda da me?"

"Oho."

"To, ni ma ban ji ba."

Wata rana wani Alhaji ya kawo matarsa, ya ce ya ba da izini a cire. Kawu ya nuna masa kujera ya ce, "Bismilla, hau."

"Ai ba ni ba ne."

"Ikon bakinka kaɗai gare ka, Alhaji." Da aka tambayi Hajiya, ciko ta zaɓa.

Amma wadda ta fi gasa masa aya a hannu ita ce yayarsa, Innata, a Fagge. Haƙorinta na ciki ya ruɓe, ba ta iya tauna ko tsire, amma don tsoron cirewa ta kafe a kan kanumfari ne maganinta. Muka haɗa baki muka ce ya gaya mata wankewa zai yi, in allura ta kama ya fizge. Ya kalle mu sheƙeƙe ya ce, "Doka ta hana. Ko ba doka, matar da ta goya ni zan yi wa fashi a baki?"

Duk Juma'a in an sauko zai zo ya sake mata bayani, ta ce sai wani satin, ta zuba masa tuwo. Wallahi haushinsa na riƙa ji.

Bayan rasuwarsa kumatun Inna ya kumbura, ita da kanta ta ce a kai ta asibiti. Wani matashin likita ya ɗauko allura ya ce, "Buɗe baki, Mama." Ta ƙi, na ɗauka tsoron nan ne ya dawo. Can ta ce a hankali, "Yaro, ba ka tambaye ni ba. Ƙanena yakan tambaya." Sai na ga hawaye na bin kumatun, ni ma na kasa riƙe nawa.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya haskaka makwancinsa, Ya sauƙaƙa masa tambayar kabari.