Kwanonin Hajiya Binta da Motar Mamman

Shekara bakwai ke nan da muka kai Mamman makwancinsa, kuma har yau in na bi ta Ƙofar Sauri sai na rage tafiya a ƙofar gidansa, ina jiran in ji ƙarar sufana ta faɗi a siminti. Aminina ne tun muna yawo ba takalmi. Ni na yi koyarwa, shi ya ƙare aikinsa a garejin gwamnati, ya yi ritaya da baƙin mai a ƙarƙashin farce wanda ko ruwan Makka bai fitar ba.

Da ya ajiye aiki, maimakon ya nemi tabarma a inuwa irin tamu, sai ya jawo wata tsohuwar jar mota da igiya har gida. Kujera biyu gare ta, ba rufi, ga ta a ƙasa kamar tana rarrafe. Wai irinta ake tsere da ita a da. Injinta ya daɗe da kamewa. Muka yi ta yi masa tsiya, shi kuwa ko a jikinsa. Ya sauke injin a zaure, ya kwance shi kaf.

A nan rigimarsa da matarsa Hajiya Binta ta samo asali. Injin fistan huɗu gare shi, kuma Mamman ya ce kowane fistan da bawul ɗinsa sun saba da raminsu, in ka sauya musu ɗaki ba za su zauna lafiya ba. Sai ya shiga ɗakinta ya kwaso kwanonin jerenta guda huɗu, irin waɗanda ƙarami ke shiga cikin babba. Babban ya ɗauki kayan ramin gaba, har zuwa ƙaramin da ya ɗauki na baya, duk a jiƙe da kananzir. Hajiya ta yi faɗa har ta gaji. Ya lallashe ta da cewa ranar da motar ta tashi, ita zai fara ɗauka har Ƙofar 'Yandaka.

"Ni? In shiga mota ba ruhi, gari na kallona kamar tiren tumatir? Allah shi kiyaye," in ji ta.

Bai kai ga haɗa injin ba ciwo ya kwantar da shi. Ranar sadakar uku jama'a suka cika gida, kwanoni suka yi kaɗan. Ina zaune a ƙofar gida sai ga shinkafa a cikin babban kwanon nan. Nan take na gane an juye kayan injin. Ɗansa Kabiru, mai gyaran janareto, ya leƙa zaure ya ga ba kwanonin, ba kayan cikinsu. Wata daga cikin masu girki ta ce tana jin an juye tarkacen a buhu an fitar. Hajiya tana cikin takaba, kuma kowa ya san ba ta ƙaunar motar nan. Wa zai tunkare ta da maganar ƙarfe? Aka ja tamfol aka lulluɓe motar, shekaru suka yi ta wucewa.

Nakan tambayi kaina me Mamman zai ce da zamanin nan, da makaniki ke jona wa mota na'ura ta gaya masa ciwonta. Na san zai taɓe baki, ya ce kunne ya fi. Amma na san kuma kafin dare ya yi zai karɓi na'urar ya kwance ta ya ga cikinta.

Bara magada suka ce a sayar wa 'yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe, da motar, tunda ta tare wuri kuma ba ta da 'yan ciki. Masu saye suka zo da gudumarsu. Kabiru ya kira ni in zama shaida, na zo ba don raina ya so ba. An yaye tamfol ke nan sai Hajiya ta aiko a dakata. Ta fito da ƙulli huɗu, kowanne a cikin tsohon ɗankwalinta, duk sun yi baƙi da mai.

"Malam Isa, ga kayan abokinka. Mai ruwan ganye na babban kwano ne, ja na bi mashi, sai shuɗi, hwari na ƙaramin. Da hannuna na ɗaure su tun kahin mata su taɓa."

Na ce, "Hajiya, duk shekarun nan?"

Ta ce, "To wa ya tambaye ni?"

Wallahi na yi hawaye a gaban 'yan gwangwan, ban kuma ji kunya ba.

Kabiru ya ɗauki aikin. Yana kallon yadda ake yi a waya, ni ina miƙa masa sufanar da ba ita ya ce ba. Hajiya ta sake fito da kwanonin ba wanda ya roƙe ta. Ring da gaskit sai da aka yi odarsu, kabureta ta ba mu wahala har damina ta wuce. Wata Juma'a bayan la'asar injin ya yi tari, ya yi hayaƙi, sannan ya kama da wata irin murya mai kauri da ta fito da maƙwabta.

Mamman bai bar gidaje ba, bai bar suna a allon kowace makaranta ba. Ya bar ɗa mai haƙurin mayar da kowane abu raminsa, da matar da ta yi ta faɗa a kan kwanoninta alhali tana lura da abin da ke cikin kowanne. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Da Kabiru ya fito da motar waje, na gyara riga zan shiga. Sai na ji muryar Hajiya a bayana, ta ɗaure mayafi tam a haɓa.

"Malam Isa, matsa. Ni aka yi ma alkawari."