Tambaya ta Uku

A shekarar da zazzaɓin ƙirƙirarriyar basira ya kama kamfaninmu, saura wata guda kwantiragina ya ƙare. Abincin dabbobi da magungunansu muke sayarwa, ni kuma aikina yawo a babur daga wannan ruga zuwa waccan, ina yi wa makiyaya rajista. Shekara uku ina ma'aikacin wucin gadi. Sai ga takarda daga hedikwata: za a yi gasar kwana biyu a Bauchi, wai ita hakaton, a raba mu rukuni-rukuni, kowane rukuni ya ƙera wani abu da na'urar nan mai magana kamar mutum. Rukunin da ya ci za a ɗauke shi aiki na dindindin. Layin nan na ƙarshe na yi ta maimaitawa har na haddace.

Aka zuba mu a zauren wani otal. Shugabar rukuninmu wata 'yar Ƙofar Dumi ce mai rubuta manhaja, wadda ba ta ɗaga kai daga kwamfuta sai lokacin salla. Muka shirya cewa makiyayi zai kira waya, ya faɗi abin da ke damun dabbarsa da Hausa, na'ura ta ba shi amsa. Ni ban san ko alif ba a rubutun manhaja, amma na san bakin mutanenmu. Ni na koya wa na'urar gaisuwa, na hana ta ce wa dattijo "me kake so?" kai tsaye. Sai ta tambayi gida, ta tambayi iyali, ta tambayi dabbobi tukuna.

Zama ya gagare ni. In leƙa allon rukunin da ke kusa da mu, in dawo, in sha shayi, in sake tashi. Shugabar ta ce, "Malam, ko igiya zan nemo maka?"

Bayan gaisuwa na'urar takan yi tambaya uku: sunan mai kira, garinsa, da sunan wakilin da ya yi masa rajista. In ba a amsa ta ukun ba, ba za ta buɗe bayanansa ba, sai ta yi sallama ta katse. Ni na dage a sa wannan tambayar. Na ce don tsaro ne, amma gaskiyar magana tsoro nake kada na'ura ta zo ta share wakilai irina. Kowa gashin wuta yake ja wa kansa, ni ma na ja.

Rana ta biyu da azahar alƙalan gasa suka rufe aiki, ba mai sake taɓa komai. Bayan la'asar kowane rukuni zai gwada nasa a gaban jama'a, da mutum na gaske a waya. Wani makiyayi ya yi mini alkawarin zai kira. Da na neme shi sai na ji wayar a kashe, ya bi shanu inda babu sabis. Na yi ta kira har wayata ta yi zafi. Mutum biyar muka sa a jerin gwaji, huɗu ba su samu ba. Ta biyar mahaifiyata ce, wadda na yi wa rajista saboda awakin da take kiwo a gidanmu na Fadaman Mada.

Har na yi ajiyar zuciya, sai na tuna da tambaya ta uku. Ni ne wakilin da ya yi mata rajista, kuma ni ne ɗanta na fari.

Inna a ruga ta tashi, kuma a wajensu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, kunya ce. Ina da shekara talatin da ɗaya a lokacin, ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Wancan" nake, ko "yayanku" in da ƙannena take magana. Ko baƙo ne mai irin sunana, sai ta yi masa laƙabi. A cikin wannan na girma, amma na zauna da hankalina na gina tambayar da uwar da ta haife ni ba za ta iya amsawa ba.

Na roƙi shugabar ta cire tambayar. Ta ce, "An rufe, kai ma ka sa hannu."

Na fita wajen ajiye motoci ina kai da kawo, na kira ƙanwata na yi mata bayani. Ta ce, "Yaya, ka san abin da kake nema kuwa?"

"Aikina ne a kai. Ki gaya mata haka."

"Ga ta nan, ka gaya mata da kanka."

Na ce sauri nake, na kashe wayar. Ba sauri ba ne, tsoro ne.

Da lokacinmu ya yi aka haɗa kiran da lasifika. Na'ura ta yi sallama, ta gaida Inna, ta tambayi awaki. Inna ta amsa da "jam" ɗinta irin na gaisuwar ruga, ta ƙara da "lafiya lau", zaure ya yi murmushi. Ta faɗi sunanta, ta faɗi unguwa. Sai tambaya ta uku.

Kukan akuya ake ji, ana jin keke ya wuce ta ƙofar gida. Na'urar ta sake tambaya cikin ladabin nan da ni na koya mata.

Inna ta ce, "Shi ne dai, yayan yaran nan."

"Ban samu wannan sunan ba, Inna. A taimaka a sake faɗa."

Wani daga hedikwata ya yi dariya. Na san in ta sake kaucewa kiran zai katse. Ina tsaye ina addu'a, ban ma san wacce nake roƙo ba, ta faɗa ko ta ƙi.

Ta faɗa. Can ƙasa, da sauri, kamar mai sauke tukunya da hannu babu tsumma. Bayananta suka bayyana a allo, zaure ya ɗauki tafi. Ta yi tambayarta a kan tarin akuya, na'ura ta amsa daidai. Ban ji ko kalma ɗaya ba.

Mu muka ci. Na hau keke ta Wunti da takardar ɗaukar aiki a aljihu, ina ta shirya abin da zan ce. Da na yi sallama Inna ta amsa daga tsakar gida, ta miƙe ta shige ɗaki ta saki labule. Ƙanwata ta karɓi takardar ta karanta, ta ce Allah ya sanya alheri, ba ta dube ni ba. Kwana uku Inna ba ta yarda mun haɗa ido ba, kuma har yau ba mu taɓa tayar da maganar ba.

A makon farko na sabon aiki na sa aka maye tambayar da lambar wakili. Shugabar ta gyara kafin shayinta ya huce.

Sai dai kamfani ya ajiye muryar kiran, yana kuma ji da ita. Duk lokacin da aka kawo sababbin ma'aikata ita ake kunna musu, kuma ni nake gabatarwa. Nakan tsaya a ji gaisuwar, a ji sunanta da unguwa. In an zo tambaya ta uku sai in ce zan je in sha ruwa.