Hannun da Kwamfuta Ta Zaɓa

Yayana mai aski ne, kuma ba don ɗan'uwana ne nake faɗa ba, ya iya aikinsa. Shagon ɗan mitsitsi ne a bakin titi, madubi mai tsaga da benci ɗaya, amma ran hutu har waje ake tsayuwa.

Sai fararen tabo suka fito masa a bayan hannuwa biyu. Ba zafi, ba ƙaiƙayi, ba a ɗauka. To, je ka gaya wa mutane! Wanda ka aske tun yana goye sai ya leƙo ya ce "ina zuwa", shi ke nan ka gan shi.

Wata nas mai kawo ɗanta aski ta gaya masa ana bincike a babban asibiti, ana haska wa fata wani irin haske, launi ya dawo. Ni na raka shi. Likitar ta yi bayani tsakani da Allah, ba zan yi mata sharri ba: hannu ɗaya za a riƙa haskawa, a rufe ɗayan da baƙin ƙyalle don a ga bambanci. Kuma kwamfuta ce ke zaɓa. Muguwar ta zaɓi hagu.

"Likita, da dama nake riƙe aska," in ji Yaya. "Shi ke zuwa kusa da idon mutane."

"Baba, in an gama za mu duba na daman."

Wata da watanni yana zarya. A sa masa baƙin tabarau, ya cusa hannu cikin akwatin fitilu. Wani lokaci a kashe wutar ɗakin a ɗauki hoto ƙarƙashin shuɗiyar fitila, tabon daman yana ƙyalli kamar alli. Hagu kuwa ya fara ɗigo-ɗigon baƙi har ya haɗe tsaf.

Ran da muka koma kan maganar dama, ɗakin ya zama ma'ajiyar karyayyun kujeru. Wai bincike ya ƙare, na'urar ta aro ce, likitar ma an canja mata wurin aiki. Ga hoton hannuwan Yaya ƙato a bango, wai an yi nasara. Na yi masifa har muryata ta dishe.

A hanya Yaya ya ce, "Ke, ba haske ba ne kawai?"

Kullum da tsakar rana sai ya zagaya bayan shago, ya naɗe hagu da baƙin ƙyalle yadda ya ga suna yi, ya shanya dama a rana. Na hana, na haɗa shi da matarsa, ina! Can da daƙiƙa suke auna hasken, shi da awa yake yi. Fatar ta kumbura, ta ɗuri ruwa, ta saɓule. Wallahi har yau in na tuna sai zuciyata ta tafasa.

Mutum ɗaya ya rage masa, wani tsohon malamin makaranta da bai taɓa gudunsa ba. Ina shagon ya zo ya zauna, aka ɗaura masa ƙyalle a wuya. Sai ya hango hannun daman Yaya a madubi. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a hankali, "Abokina, ko za ka gwada da hagun?"

Yaya ya mayar da askar zuwa hagu. Hannun sumul, ba tabo ko ɗaya, amma ya kasa daidaita askar a gefen kunnen tsohon. Ya ajiye askar, ya kwance ƙyallen da kansa.

"Malam, tashi," ya ce. "Kada in yanke ka."