Allurar da Kakana Ya Ajiye Sai Ya Kwanta

Ko yanzu na shaƙi warin sifirit a jikin auduga, sai in gan ni a unguwarmu ta Diobu, can kudu, da damina, ruwa na dukan kwanon gidanmu ba ji ba gani.

Kakana ɗan kasuwa ne, huluna da tazbaha yake sayarwa. Yana da ciwon fuka, yana kuma da taurin kai. A wajensa allura ce uwar magani. In likita ya sallame shi da ƙwayoyi, cewa yake an raina masa ciwo. To, ka ji mutumin da aka ce ya zo rigakafin mura ya ƙi. Wai lafiyarsa lau, a ajiye masa sai ranar da ya kwanta, kada ta tafi a banza. Muka yi ta dariya, har da babana.

Da murar ta zo, ba irin wadda muka sani ba ce. Zazzaɓi, ciwon gaɓoɓi, ƙirji na kuka kamar tsohuwar ƙofa. Babana ya ɗora shi a okada zuwa asibiti, ni da goggona muka bi su. Yana zama ya naɗe hannun riga.

"'Yata, kawo allurar nan tawa."

Nas ɗin 'yar Ibo ce da ta tashi a Kano, Hausa a bakinta tas.

"Baba, ai wannan ba ta korar ciwo. Matacciyar ƙwayar cutar ake sa maka, jini ya gan ta, ya gane kamanninta, ya haɗa makamin da ya dace da ita, ya kuma riƙe ta a ka. Aikin kusan mako biyu ne. In mai ran ta zo, ta tarar ana jiranta. Taka ta riga ta shiga."

Kakana ya dube ta baki buɗe. Wallahi a nan ne tsoro ya kama ni.

Ciwon ya sauka huhu. Bai kai Juma'a ta sama ba.

A zaman makoki, duk wanda ya tambayi me ya same shi, babana sai ya ce lokaci ne ya yi. Bakinsa ya kasa furta sunan ciwon.

Yanzu ana rigakafin nan har a bakin titinmu, ni ce ma mai tasa tsofaffin gida a gaba. Amma in 'ya'yana suka tambayi abin da ya yi ajalin kakana na ce mura, sai su zuba min ido, suna jiran in ƙarasa.