Rashancin Baba Lurwanu

A unguwar Sultana da ke Madina kowa ya san Baba Lurwanu da gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, amma ba kowa ya san yana jin Rashanci ba. Bahaushen Sudan ne. Yana saurayi aka tura shi Minsk, babban birnin Belarus, ya koyo aikin injuna. Daga baya ya zo Madina da niyyar yin shekara biyu, ga shi yau har da jikoki, yana yi musu Hausa suna mayar masa da Larabci.

Wata rana yana aiki a wani otal kusa da Harami, ya tarar da wata tsohuwa farar fata tana ta bayani, ba mai gane ta. Ya gaishe ta da Rashanci, ta riƙe baki. Sunanta Tanzila, Musulma ce daga Belarus, ta zo Umra, kuma Uhudu take son zuwa. Washegari ya rufe shago, shi da matarsa Raliya suka kai ta.

A hanya ta ba su labarin mahaifinta. Lokacin da Jamus ta mamaye ƙasarsu a yaƙin duniya na biyu, ya shiga rundunar 'yan ƙasa da ke yi wa Jamusawa aiki, rundunar da ta ƙona ƙauyuka da mutanensu a ciki. Da yaƙi ya juya, ya gudu tare da Jamusawan, ita kuwa a lokacin tana goye, ba a sake ganinsa ba. Ta girma ana nuna ta da baki.

A gaban maƙabartar shahidai ta tambaye shi ko ya halatta ta yi wa irin wannan uba addu'a. Baba Lurwanu ya tuna cewa yana ɗalibi an taɓa kai su kufan irin waɗannan ƙauyuka.

"Hajiya, ni ba malami ba ne," ya ce. "Mahaifinki ne, ki yi masa. Amma ki fara da waɗanda aka ƙona."

Ta ciro wata takarda daga jakarta mai ɗauke da sunayen ƙauyukan. Tana karantawa yana cewa amin, Raliya na riƙe da hannunta ko da yake ba ta gane abin da ake faɗa.

Ranar a gidansu Tanzila ta ci tuwo da miyar kuka, har ta nemi ƙari. Har yanzu duk Juma'a takan kira waya, ta ce a ba ta Raliya, su yi ta dariya kowa da harshensa.